Me ya sa injin mota ke zafi a cikin cunkoso, ya huce da an hau buɗaɗɗen titi?

Da yamma, lokacin tashi daga aiki, mota takan daɗe tana rarrafe a mahaɗar Ndokoti da ke Duwala. Haka abin yake a bakin kasuwar Dantokpa a Kwatano, da unguwar Adjame a Abijan, da gadar Ngeli wadda ta haɗa Kusiri da Injamena. A irin waɗannan wurare da wuya a rasa mota a gefen titi, an ɗaga murfin inji, tururi na tashi, direba yana tsaye da jarkar ruwa a hannu. Abin da ke ɗaure wa masu mota kai shi ne, sau da yawa motar nan ce ta yi fiye da kilomita 200 daga Yawunde zuwa Duwala ba tare da allurar zafi ta motsa ba. Sai da aka shigo gari, aka fara tafiyar hawainiya, sannan ta fara hawa.

Wannan bambanci shi ne babbar shaidar da makanike yake buƙata. Motar da ke zafi a tsaye, ta huce a guje, tana nuna cewa iska ba ta ratsa lagireto yadda ya kamata, kuma a mafi yawan lokuta laifin yana wurin fanka ko abin da ke kunna ta. Wanda ya san haka zai iya fara bincike daga fiyus, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wanda bai sani ba yakan ci gaba da ƙara ruwa kullum har ranar da gasket zai ƙone, a sauke kan inji, mota ta kwana a gareji. Ga direban tasi da ke kai wa mai mota kuɗin yini, kowace rana a gareji bashi ce.

Yadda inji ke rabuwa da zafinsa

Man da inji ke ƙonawa ba duka ne yake zama ƙarfin tafiya ba. A ƙiyasi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke juya tayoyi. Wani kason yana fita ta salansa, sauran kuma yana shiga jikin ƙarfen inji, kuma ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ta cikin hanyoyin da aka fafe a jikin inji da kansa, ruwan ya ɗebi zafi, ya bi tiyon sama ya shiga lagireto. A can yana rarrabuwa cikin ƙananan bututu masu siraran haƙarƙari, iska ta ratsa su ta ɗauke zafin, sannan ruwan ya koma inji ta tiyon ƙasa.

Tsakanin inji da lagireto akwai wata 'yar ƙofa mai buɗe kanta, wato tamostat, wadda masu sayar da kayan gyara a ƙasashen da ake Faransanci suke kira calorstat. Idan inji yana da sanyi tana rufe, don ya yi saurin ɗumama. Idan ruwa ya kai zafin da aka rubuta a jikinta, galibi digiri 82 ko 88, sai ta buɗe. Yawancin injuna an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 85 da ɗan abin da ya haura 100.

Mai karatu zai iya tambaya: ruwa ba a digiri 100 yake tafasa ba? Haka ne, a buɗaɗɗiyar tukunya. Amma murfin lagireto yana riƙe matsi a ciki, kamar tukunyar girki mai matse tururi. A kan murfin motoci da yawa za a ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato yawan matsin da yake riƙewa. Da matsi irin wannan, ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Murfin da robarsa ta mutu yana mayar da lagireto buɗaɗɗiyar tukunya.

Abin da cunkoso ke canzawa

A kan babban titi, gudun mota da kansa yana cusa iska cikin lagireto, har fanka ba ta da wani aiki. Motar da fankarta ta mutu tana iya zuwa daga Yamai har Doso lafiya lau. A cikin cunkoso wannan iskar ta kyauta tana yankewa, fanka kaɗai ta rage. A daidai lokacin kuma inji yana silo, famfon ruwa yana juyawa a hankali. Iskar da ke gaban mota ma ba mai sanyi ba ce, domin hucin kwalta da hayaƙin motar gaba ne suka gauraye da ita. A Injamena, Yamai, Garwa da Marwa, zafin watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40 a inuwa.

Idan an kunna na'urar sanyaya ɗaki, wadda ake kira kilim ko AC, nauyin yana ƙaruwa ta fuska biyu. Inji yana ƙara wahala wajen juya ta, sannan nata ƙaramin lagireton yana zaune ne a gaban babban, don haka iskar da ke isa ga ruwan inji ta riga ta ɗumama. Mota mai giyar otomatik tana da ƙarin kaya, domin a motoci da yawa man giya ma a cikin lagireto yake hucewa.

Abin yi idan allura ta fara hawa

Direban da ya ga allura ta wuce inda ta saba tsayawa ya fara kashe kilim. Bayan haka ya kunna na'urar ɗumama ɗaki ya ƙure ta, ya buɗe tagogi. Abin babu daɗi a cikin zafin rana, amma na'urar ɗumi ƙaramin lagireto ce da ke ƙarƙashin dashbod, kuma tana rage wa inji zafi. Wannan dabara ba ta aiki idan wani makanike ya riga ya yanke tiyon na'urar, abin da ake yawan yi a ƙasashe masu zafi.

Idan mota a tsaye take, a sa ta a furi. A motar da bel ke juya fankarta, ɗan taka totur kaɗan yana ƙara iska da gudun ruwa. Idan duk da haka allura ta doshi ja, ko fitilar gargaɗi ta kama, ko tururi ya bayyana, sai a nemi gefen titi a kashe inji nan take. Kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyom ne, kuma 'yan mintuna cikin ja sun isa su lanƙwasa shi. Ƙoƙarin ƙarasawa gida, ko kai fasinja inda za shi, shi ne garin neman gira a rasa ido.

Akwai wata alama mai yaudara. Idan allura ta hau, can sai ta faɗo da kanta, na'urar ɗumi kuma ta koma busa iska mai sanyi, wannan ba sauƙi ba ne. Yana iya nufin ruwa ya tsiyaye har ma'aunin zafi ba ya taɓa shi. A kashe inji.

Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tafasa, kuma da an saki murfi zai yi tsartuwa zuwa fuska da ƙirji. A jira aƙalla rabin sa'a. A matsa tiyon sama da tsumma: idan yana da tauri, akwai sauran matsi. In ya yi laushi, a rufe murfin da tsumma mai kauri, a murɗa shi kaɗan har iska ta gama fita, sannan a cire. Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, kada kuma a ɗura shi ciki da gaggawa, domin ƙarfe yana iya tsagewa. Wanda ruwan ya ƙona ya sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudana na kimanin minti 20, ba tare da shafa man goge baki, ƙwai ko baƙin mai ba, kuma ya nufi asibiti idan ƙunar tana da faɗi ko a fuska take.

Yaushe allurar take hawa?

Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, ya kamata mai mota ya iya amsa wannan tambaya, domin amsarta tana raba cututtukan.

Idan zafi a cunkoso kawai yake zuwa, ya sauka da an fara gudu, a fara da fanka da hanyar iska. Idan a kan babban titi ne ko wajen hawan tudu da kaya yake zuwa, amma a gari lafiya, zargi yana komawa kan lagireto da ya toshe daga ciki ko ruwan da ba ya gudu sosai. Idan mintuna kaɗan bayan tayar da mota allura ta haye, ko ana gudu ko ana tsaye, ana duba tamostat da ya maƙale a rufe, ko bel da ya tsinke, ko ruwa da ya ƙare. Idan kuma kullum sai an ƙara ruwa alhali ba a ga inda yake ɗiga ba, to a yi tunanin murfi ko gasket.

Binciken fanka mai lantarki

Ƙananan motoci irin su Corolla, Yaris, Starlet, Golf da Peugeot 206 suna amfani da fanka mai lantarki. Gwajin farko ba ya buƙatar kayan aiki. A tabbatar akwai ruwa, a tayar da mota a bar ta tana silo, kilim a kashe, ana kallon allura. Kafin ta yi nisa da tsakiya ya kamata fanka ta tashi, ta yi ɗan lokaci, ta tsaya. Idan allura tana ta hawa fanka shiru, a kashe inji, an sami bakin zaren.

Gwaji na biyu shi ne kunna kilim. A yawancin motoci, fanka tana tashi jim kaɗan bayan an kunna shi. Idan ta tashi da kilim amma ba ta tashi da zafin inji ba, fankar lafiyarta ƙalau, laifin yana wurin sensar zafi, ko wayarta, ko rile ɗin da ke kunna ta. Idan ta ƙi tashi ta kowace hanya, sai a bi layin wuta daga farko. A duba fiyus, wanda galibi babba ne, mai lamba 30 ko 40. A musanya rile da wani irinsa sak daga cikin akwatin, misali na oda idan lambarsu ɗaya. A duba soket ko ya narke ko ya yi tsatsa, a duba wayar da ke ɗaure a jikin mota. Daga ƙarshe mai wayarin ya ba fankar wuta kai tsaye daga batir. In ta ƙi juyawa, ko sai an ƙwanƙwasa ta take tashi, motarta ta gaji.

Fiyus da ya sake ƙonewa bayan an canza shi yana nuna fanka tana jan wuta fiye da ƙima, ko waya tana taɓa jiki. Ɗaura waya a madadin fiyus ko sa wanda ya fi lamba hanya ce ta gobara.

Wasu motoci, musamman na Peugeot da Citroën da Renault, fankarsu tana da gudu biyu. Ƙaramin gudun yana bi ta wani ɗan abin rage wuta da ke kusa da fankar, kuma yakan ƙone. Idan haka ta faru, fanka ba ta tashi sai zafi ya yi nisa, sannan ta taso da ƙara. Mai mota zai rantse fankarsa tana aiki, alhali rabin aikinta ya mutu.

Akwai kuma fankar da ke juyawa a baibai, bayan an sauya wayoyi ko an ɗaura ta wata mota. Gane ta ba wuya: a riƙe takarda a gaban mota yayin da fanka ke aiki. Ya kamata iska ta ja takardar zuwa lagireto. Idan tana ture ta waje, an haɗa ba daidai ba. A duk wannan bincike a nisanta hannu da hannun riga daga fanka, domin a wasu motoci tana iya tashi ko an kashe inji.

Fanka mai bel

Hilux, Land Cruiser da yawancin Hiace suna da fankar da bel ke juyawa, da wani kuloci mai man silikon a tsakiyarta, wanda ake kira visco-coupleur. Idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, kulocin yana kamawa, fanka ta ja iska da ƙarfi har a ji rurinta. Idan man ya tsiyaye, fanka tana juyawa a ido amma ba ta jan komai. A kashe inji bayan ya yi zafi, a juya fankar da hannu. Mai lafiya tana da nauyi, ba ta yin nisa. Wadda ta ci gaba da juyawa sakaka ta mutu. Maiƙo da ƙura da suka manne a jikin kulocin su ma shaida ne. Wasu irin ana iya buɗe su a ƙara man silikon, wasu sai canji. Ɗaure kulocin da ƙusoshi yana hana zafi, amma yana kawo ƙara da shan mai, yana kuma wahalar da famfon ruwa a injunan da fankar ke ɗaure a kansa.

Kwandon roba da ke kewaye da fanka ba ado ba ne. Shi ke tilasta wa fanka jan iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe. Ana yawan jefar da shi idan ya fashe ko bayan ƙaramin haɗari, kuma rashinsa ba ya bayyana sai a cunkoso.

Ƙura, leda da haƙarƙarin lagireto

Ko fanka tana da ƙarfi, ba ta da amfani idan hanyar iska a toshe take. Ƙurar hunturu, taɓon damina, ƙwari, ƙaiƙayi da ledar da iska ke kwasowa a kasuwa duk suna taruwa a gaba. Wurin da datti ya fi ɓuya shi ne tsakanin lagireton kilim da na inji, inda ido ba ya kaiwa sai an haska tocila. Ana wankewa da ruwa marar ƙarfi, daga bayan lagireto zuwa gaba, inji a sanyaye. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana kwantar da haƙarƙarin, ya ƙara toshe hanya. Manyan fitilu da allunan ado da ake ɗaurawa a gaban mota su ma suna tare iska.

Toshewar ciki daban ce. Bayan inji ya ɗumama an kashe shi, an kuma cire soket ɗin fanka, ana iya shafa fuskar lagireto a hankali. Idan wani yanki da zafi, wani da sanyi, bututun wurin sun toshe. Tsohon lagireto na tagulla ana iya buɗe shi a zura. Na alminiyom mai tankin roba idan ya toshe sosai, canza shi ya fi kwanciyar hankali.

Ruwa, murfi da famfo

Ana duba ruwa da safe kafin a tayar da mota, a cikin lagireto da kuma robar ajiya. Robar tana iya zama cike alhali lagireto ya yi ƙasa, idan murfi ya daina jawo ruwa ya mayar. Ƙaramin yoyo yakan bar farin tabo ko tsatsa a bakin tiyo, wanda ake kira durite, ko a haɗin tanki, ko a ƙarƙashin famfon ruwa. Gareji mai kayan aiki yana da famfon hannu da ake matsa iska da shi a ga inda ruwa ke fita.

Murfi yana cikin kayan da suka fi araha, kuma an fi mantawa da shi. A sayi mai lamba ɗaya da na asali. Muhimmancinsa yana ƙaruwa a kan tudu: a Ngaundere, wadda ke sama da mita 1,000 daga teku, ruwa a buɗe yana tafasa a kusan digiri 96.

Bayan kowane gyara da aka zubar da ruwa, dole a fitar da iskar da ta maƙale a ciki. Motoci da yawa na Faransa suna da ƙananan ƙusoshin fitar da iska don wannan aiki. Idan ba a yi ba, allura takan riƙa hawa da sauka ba dalili.

Famfon ruwa yana iya lalacewa ba tare da ya ɗiga ba. Tsatsa tana cinye fikafikansa, ko na roba su saki. Alamar ita ce mota ta yi zafi a silo duk da fanka tana aiki, amma da an ɗan taka totur a tsaye sai allura ta sauko. Bel da ya saki ko ya yi santsi yana kawo irin wannan. A injunan da bel ɗin taimin ke juya famfo, ana canza su tare, don kada a biya kuɗin kwancewa sau biyu.

Gyara biyu da ke ɓoye cuta

Yawancin motocin yankin na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Turai ta tashoshin Kwatano, Lome da Duwala. Daga nan ne aka sami ra'ayin cewa tamostat na ƙasar sanyi ne, a cire shi a huta. Amma sababbin motocin da ake sayarwa a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa masu tsananin zafi duk da tamostat suke zuwa. Tamostat mai lafiya a buɗe yake gaba ɗaya lokacin da inji ya yi zafi, don haka cire shi ba ya ƙara wa fanka iska ko kaɗan. Abin da yake jawowa shi ne inji ya riƙa aiki a sanyaye da safe da kan babban titi, ya ƙara shan mai, ya yi saurin ci. A wasu injuna ma tamostat ne ke rufe wata gajerar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan aka cire shi, hanyar tana nan a buɗe, zafin cunkoso ya ƙaru. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Gwada shi ba wuya. A sa shi a tukunyar ruwa a ɗora a wuta. Ya kamata ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe idan ya huce. Wanda ya ƙi, a sa sabo mai lamba ɗaya.

Na biyu shi ne haɗa fanka kai tsaye da makulli, ta riƙa juyawa muddin mota na kunne. A matsayin dabarar isa gari, babu laifi, muddin an bi ta fiyus. A matsayin gyara na dindindin, yana gajiyar da fankar da ba a ƙera ta don aiki ba hutu ba, yana ƙara wa batir da janareton mota nauyi, kuma sensar da ta lalace tana nan. A motoci da yawa wannan sensar ce ke gaya wa kwamfutar inji yawan man da za ta bayar.

Idan gasket ya riga ya ƙone

Gasket, wato joint de culasse, shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai raba wuta da ruwa da baƙin mai. Idan ya ƙone, alamunsa sun haɗa da farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, kumfa da ke ta fitowa a bakin lagireto, tiyon sama da ke yin tauri jim kaɗan bayan an tayar da inji mai sanyi, inji da ke karkarwa da safe, da baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara. Ba dole ne duka su bayyana tare ba. Akwai gwajin ruwa mai launin shuɗi da ke canza kala idan hayaƙin inji yana shiga ruwa, akwai kuma awon matsin silinda. Ya kamata a yi ɗaya daga ciki kafin a yarda a sauke kan inji.

Idan aka sauke, a kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su auna ko ya lanƙwashe ko ya tsage. A ɗaure ƙusoshinsa da sifana mai awo, bisa tsarin da kamfani ya bayar. A injuna da yawa ƙusoshin sau ɗaya ake amfani da su. Sannan a koma ga abin da ya jawo zafin tun farko. Sabon gasket a motar da fankarta ke mace zai ƙone a cunkoso na gaba.

Ruwan da ake zubawa

Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da sinadaran ƙasa, irin waɗanda ke barin farin dasashi a gindin butar shayi. Haka suke yi a cikin siraran bututun lagireto. Ruwan leda na sha ma bai tsira daga wannan ba. Ruwa zalla kuma yana kawo tsatsa, wadda ke cin famfo ta toshe hanyoyi. Amfanin ruwan lagireto mai kala, liquide de refroidissement, a ƙasar da ba a ƙanƙara shi ne maganin tsatsar da ke cikinsa, da ɗan ƙarin jure tafasa. Wanda aka rubuta prêt à l'emploi a jikinsa an riga an haɗa shi, ba a ƙara masa ruwa. Mai kauri kuwa ana gauraya shi, galibi rabi da rabi, da tataccen ruwa, eau déminéralisée, irin wanda ake ƙara wa batir. A kula kada a rikita shi da ruwan asid. Kala kaɗai ba ta nuna iri, don haka a duba littafin mota kafin a gauraya biyu.

A kan hanya, idan babu zaɓi, kowane ruwa mai tsabta ya fi babu, amma a canza shi da an isa gari. Ƙwai, garin barkono ko garin taba da ake zubawa don toshe yoyo suna toshe har da bututun da ba su da laifi. Ruwan mai kala guba ne, kuma yana da ɗan zaƙi, don haka kada a ajiye shi a gorar sha ko a zubar inda yara da dabbobi za su kai gare shi.

Kafin a shiga gareji

Mai motar da ya je wurin makanike da bayani a hannu ya fi samun gyara mai kyau: yaushe allura take hawa, ko kilim na kunne, ko fanka tana tashi, kwana nawa ake yi kafin a ƙara ruwa, wane gyara aka yi na ƙarshe. Ya nemi a bi abubuwa daga mai araha zuwa mai tsada: ruwa da murfi, fiyus da rile, fanka da sensa, wankin lagireto, tamostat, famfo, sannan gasket. Ya nemi a nuna masa tsohon kayan da aka cire. Bayan gyara kuma, gwajin ba zagayen unguwa ba ne, domin motar tun asali ba ta zafi a guje. A bar ta tana silo a bakin gareji, kilim a kunne, har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu ko uku, allura tana nan inda ta saba, kafin a biya kuɗi.